Yadda muka bi sawun fitofilankton daga saman teku har ƙasa da mita 200

Aikin da aka ɗora min a jirgin binciken nan a ido ba wani babba ba ne, ɗibar ruwa ne da tace shi, amma duk abin da tawagar ta fito nema ta hannun mai tacewa yake bi. Ga wanda bai san fitofilankton ba, wasu mitsi-mitsin halittu ne masu ƙwaya ɗaya da ke shawagi cikin ruwan teku, ido ba ya kama su sai an tara su da yawa ko an sa madubin ƙara girma, da hasken rana suke haɗa abincinsu irin na tsirrai, kuma kusan rabin wannan aikin da ake yi a faɗin duniya su ke yin sa. Mu abin da ya kai mu tsakiyar Atilantika, yankin zafi nesa da gaɓa, shi ne mu gano a wane zurfi suka fi taruwa kuma me ya tsayar da su a nan.

Da muka isa wurin farko da aka tsara ɗibar ruwa jirgi ya tsaya cak, abin da ya fara ɗaukar hankalina launin ruwan ne, shuɗi ne garau har yana neman komawa shunayya. Malama, wato shugabar tawagarmu, ta ce in daina yaba shi, wannan shuɗin alama ce ta ruwan da ba komai a cikinsa. Da rana tsaka aka miƙo min faifan Secchi, wani farin faifai ne mai faɗin santimita 30 da dalma a ƙarƙashinsa, ɗaure da igiya mai alama a kowace mita. Tun 1865 Angelo Secchi ya fara aiki da shi a tekun Bahar Rum kuma har yau ba a yar da shi ba duk da na'urorin zamani da ke cike da jirgin. Ana tsayawa ne a gefen da inuwar jirgi take don kada ƙyallin rana ya hana gani, ka cire tabarau, ka riƙa sakin igiya a hankali har faifan ya ɓace maka, ka rubuta, ka ɗan jawo shi har ya sake bayyana, ka rubuta, sai ka ɗauki tsakiyar lambobin biyu. Nawa ya wuce mita 30 ina ganinsa ɗan fari-fari can ƙasa. Ƙa'idar da ake bi ita ce ka ninka wannan zurfin kusan sau uku, sai ka samu inda haske ya ragu zuwa kashi 1 cikin 100 na wanda ke sama, to a wurinmu lissafin ya faɗa wajen mita 90 zuwa 100, na'urar auna haske da muka zura daga baya ma kusan haka ta ce.

Shi hasken nan ba a hankali a hankali yake raguwa daidai wa daida ba, zaftarewa yake yi. Idan a mita 100 kashi 1 ya rage, to a mita 50 kashi 10 ne kawai ya rage, a mita 150 kuma kashi ɗaya cikin 1000. Launuka ma ba tare suke tafiya ba, ja ne ke fara mutuwa, cikin 'yan mitocin farko ruwa ya shanye yawancinsa, sai ruwan lemo da rawaya su bi, shuɗi ne kaɗai ke jurewa har ƙasa. Saboda haka duk halittar da za ta zauna a mita 90 dole ta iya cin moriyar ɗan shuɗin hasken da ke isowa wurin.

Babban aikin kafin asuba ake yin sa, sai da aka tashe mu cikin duhu. Na'urar da ake zurawa ana ce mata CTD, tana auna gishirin ruwa da zafinsa da zurfi, an kafa ta a tsakiyar wani zagayayyen keji na ƙarfe wanda ya fi ni tsayi, kewaye da ita kwalabe 24 na roba mai kauri, kwalaben Niskin, kowacce tana cin lita 10 ko fiye. Kwalbar bututu ce mai murfi sama da ƙasa, da roba mai ja a ciki da ke haɗa murafen biyu. Kafin a zura sai an ɗana su ɗaya bayan ɗaya, ka ja murfin sama ka maƙala zarensa a ƙugiyar da ke tsakiyar kejin, ka ja na ƙasa ka maƙala, kwalba ta tsaya a buɗe ta yadda ruwa zai riƙa ratsa ta yayin da take sauka. Sannan ka bi ka duba kowane ɗan famfo a rufe yake, ka ɗaure abin shigar iska na sama, ka cire marufan da ke kan idanun na'urori, ka goge gilashin na'urar auna kulorofil, wato koren sinadarin da fitofilankton ke kama haske da shi. Wani ya sake bin bayanka ya duba, ba don an raina ka ba, haka dokar take, domin kwalba ɗaya da aka maƙala a ƙugiyar da ba tata ba ta isa ta rikita lambobin zurfi gaba ɗaya.

Mai winci, wato injin da ke jan waya, ya ɗaga kejin, mutum biyu da hular kwano suna riƙe da igiyoyi don kada ya yi lilo ya bugi jikin jirgi, aka sa shi a ruwa aka saukar zuwa mita 10 aka bar shi ya ɗan jiƙa har famfon cikinsa ya tashi ya kori kumfa, aka dawo da shi dab da sama, sannan aka fara sauka da gaske, rabin mita a daƙiƙa a farkon tafiya. Ni na ruga ɗakin kwamfuta domin a nan ne ake kallon komai kai tsaye, wayar da ke riƙe da kejin ita ce kuma ke kawo bayanai.

A allon layuka ne masu launi daban-daban suna gangarowa ƙasa. Layin zafi ya tsaya a miƙe sambal, digiri 27 da ɗoriya, mita 10, mita 20, mita 30, bai motsa ba, wannan shi ne ruwan saman da iska da igiyar ruwa suke gauraya shi kullum. Koren layi na kulorofil yana manne da gefen hagu kusa da sifiri kai ka ce na'urar ta lalace. Ita wannan na'urar shuɗin haske take harbawa cikin ruwa, kulorofil ɗin da ke cikin ƙwayoyin ya sha ya mayar da ɗan jan haske, shi take aunawa. Wajen mita 40 da wani abu sai layin zafi ya karya kwana ya fara komawa baya, 26, 24, 22, kowace mita ruwa na ƙara sanyi. Koren layin bai ce komai ba tukunna. Sai da muka wuce mita 60 ya fara ɗagowa a hankali, ya yi ta kumbura yana tafiya dama, wajen mita 80 zuwa 90 ya kai ƙololuwa, ya ninka na sama sau da yawa, sannan ya fara janyewa, kafin mita 150 ya koma gefensa ya kwanta. Wallahi na sha ganin wannan zanen a littafi amma ganin sa yana zana kansa a gabanka daban ne, ka san cewa a daidai wannan lokacin ƙarƙashin ƙafarka akwai wata shimfiɗa ta halittu mai kaurin mita ashirin ko talatin da ba wanda ke saman jirgi zai taɓa zaton tana nan.

Malama ta juyo ta ce, to ɗalibi, kai za ka zaɓi zurfin da za mu rufe kwalabe, faɗi mu ji. Ba a rufe kwalba a kan hanyar sauka, sai an kai ƙasa an ga zanen duka sannan a zaɓa a kan hanyar dawowa. Na ce Malama mu ɗauka a 200, da 150, da 120, sai mu matse su kusa da juna daga 100 zuwa 70, sannan 60, 40, 20 da sama. Ta ƙara min guda biyu, ɗaya dab da ƙasan ƙololuwar ɗaya dab da samanta, ta ce gefen tudun ya fi tsakiyarsa ba da labari. Daga nan sai magana ta rediyo da mai winci, oga a tsaya a 120, ya tsaya, a jira rabin minti ruwan da kejin ya jawo daga ƙasa ya wuce, a danna maɓalli, kwamfuta ta nuna kwalba ta rufe, a rubuta lamba da lokaci a takarda, oga a hau zuwa 100. Haka har sama. Aiki ne mai gundura in ka ji labarinsa amma a lokacin ba ka da sararin gundura.

Da kejin ya dawo aka ɗaure shi, akwai layin da ake bi wajen ɗiba kuma ba a tsallake shi. Masu auna oksijin su ne farko saboda da zarar an buɗe kwalba iska ta fara shiga, sai masu sinadaran taki, wato naitiret da fosfet da silika, da safar hannu domin gumin yatsa kaɗai ya isa ya ɓata musu awo a ruwan da kusan babu komai a ciki, sannan mu. Abin da ya burge ni tun kafin a auna komai shi ne taɓa kwalaben, ta saman ruwa ɗumi, ta mita 200 sanyi ƙalau har tana raɓa a jiki, ka zagaya kejin da tafin hannu ka ji duk zanen zafin nan da ka gani a allo. Mu kwalabenmu baƙaƙe ne, a ɗauraye sau uku da ruwan da za a ɗiba sannan a cika, kuma ana yi da sauri a cikin inuwa, halittar da ta saba da kashi 1 cikin 100 na haske in ka fito da ita fili ta canza kafin ka kai ta ɗakin gwaji. Dalilin fitowa kafin rana ke nan.

Tacewa kuma a ɗaki mai dusasshen haske ake yi. Akwai jerin mazurari a kan bututu ɗaya da famfo mai zuƙa, a ƙarƙashin kowane mazurari ka sa 'yar farar filta ta zaren gilashi da hantsaki, ramukanta kusan maikiromita 0.7 (maikiromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin 1000 na milimita). Ka auna ruwa ka zuba, ka kunna famfo amma a hankali, in zuƙar ta yi ƙarfi ƙwayoyin fashewa suke yi kulorofil ya bi ruwa ya tafi. Sai ka zauna kana kallon ruwa na sauka, kuma dole ka kashe da zarar ɗigon ƙarshe ya wuce kada filta ta bushe. Jirgi na tangaɗi, ruwa na neman zubewa daga mazurari, kai kuma kana riƙe da silinda da hannu ɗaya kana dafe da tebur da ɗayan. Da na jera filtocin a kan foyil daga sama zuwa ƙasa sai ga zanen ya sake fitowa a karo na uku, na saman fari fat kamar ba a tace komai ba, na mita 60 ɗan rawaya-rawaya, na 80 da 90 kore mai ratsin ruwan ƙasa, na 200 fari kuma. Kowacce na naɗe ta na jefa cikin bututu mai asiton kashi 90, wani ruwan sinadari mai tsotso kulorofil daga filta, na rufe da foyil na sa a firiza ta kwana, washegari na auna a na'ura, na ɗiga asid kaɗan na sake aunawa don a ware kulorofil mai rai daga wanda ya riga ya lalace. Wasu filtocin ba a taɓa su ba, cikin naitirojin mai ruwa aka tsoma su, sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri, sai an koma tudu a bincika sauran launukan da ke cikinsu.

Sakamakon masu taki ne ya haɗa labarin. Daga sama har wajen mita 70 naitiret ɗin bai kai abin da na'urarsu ta yau da kullum ke iya gani ba, an cinye shi tas. Daga nan sai ya fara hawa, kuma hawan ba na wasa ba, a mita 200 ya cika ruwan. Da muka ɗora zanen naitiret a kan na kulorofil a kan na haske sai ga shi ƙololuwar ta zauna daidai inda haske ke gab da ƙarewa kuma taki ke fara bayyana. A sama akwai haske har ya yi yawa amma ba abin ci, a ƙasa abinci ga shi nan jibge amma duhu, su kuma suka taru a siririn wurin da kowanne ya ɗan taɓa. Kuma ba wai sun tarar da iyakar a nan ba ne kawai, su ma suna cikin masu kafa ta, duk ɗan naitiret da ya silalo daga ƙasa su ke tare shi su shanye kafin ya kai sama, shi ya sa saman ya zauna a wanke.

Me ya sa takin ya taru a ƙasa tun farko? Duk abin da ya mutu a sama, da kashin ƙananan dabbobin da ke cin fitofilankton, nutsewa yake yi, yana sauka bakteriya na ruɓar da shi suna sakin naitirojin da fosfaros ɗin da ke jikinsa, amma a can inda ba haske ba mai amfani da su. Dawowarsu sama kuma akwai shamaki, ruwan ɗumi ya fi na sanyi sauƙin nauyi, yana zaune a kansa kamar mai a kan ruwa, iska na iya kaɗa na sama yadda ta ga dama amma da wuya ta huda wannan iyakar. A yankin zafi rana ba ta hutawa, shamakin yana nan kusan duk shekara. Alfred Redfield tun 1934 ya lura cewa naitirojin da fosfaros na cikin zurfin teku suna tafiya ne a ma'auni kusan iri ɗaya da na jikin filankton, abin da yanzu ake rubutawa 106 na kabon, 16 na naitirojin, 1 na fosfaros, kuma da mai auna taki ya zana namu lambobin na ƙasa, naitiret a gefe fosfet a gefe, layin bai yi nisa da haka ba. Ni wannan ya fi komai ba ni mamaki, wato ruwan zurfi yana ɗauke da tambarin halittun da suka mutu a samansa.

Na ɗauka an gama magana, sai wata abokiyar aikinmu mai na'urar ƙirga ƙwayoyi ta kira ni in zo in gani. Na'urarta tana tura ruwa ta wani siririn bututu ƙwayoyi na wuce hasken lesa ɗaya bayan ɗaya tana ƙirgawa tana auna girman kowacce da jan hasken da ta fitar. Mafi yawan abin da ke ruwanmu Prochlorococcus ne, wata bakteriya mai haɗa abinci da haske, girmanta wajen maikiromita 0.6, ita ce mafi ƙanƙanta da aka sani a masu wannan aikin, kuma duk yawanta sai a 1988 Sallie Chisholm da abokan aikinta suka bayyana ta ga duniya, alhali a ruwan ɗumi mililita ɗaya na iya ɗaukar sama da 100,000. Ƙanƙantar ce makaminta, ƙaramar ƙwaya fatarta na da yawa in aka kwatanta da cikinta, ɗan takin da ya rage a ruwa ita ke riga kowa kamawa. To abin da ta nuna min shi ne yawan ƙwayoyin a mita 40 da 60 bai gaza na mita 90 ba, a wasu kwalaben ma ya fi, bambancin shi ne kowace ƙwaya ta ƙasa tana fitar da jan haske ninkin-ba-ninkin na ta sama. Wato waɗanda ke cikin dusasshen haske sun cika jikinsu da kulorofil don su kama ɗan abin da ke isowa, na sama kuma sun rage nasu don rana ta ishe su har tana neman ƙona su. Ita Prochlorococcus ma iri-iri ce, akwai masu son haske mai ƙarfi a sama akwai masu zaman inuwa a ƙasa. Saboda haka tudun nan na kore da muka gani a allo, wani ɓangarensa ƙarin halittu ne da gaske, musamman 'yan manya-manyan da ke buƙatar naitiret, amma babban ɓangare ƙarin launi ne a jikin kowace ƙwaya. A ganina duk wanda ya kalli layin kulorofil kaɗai ya ce ga inda rai ya fi yawa ya yi gaggawa, sai ya kawo ƙirga ko awon kabon tukunna.

Na'urar cikin ruwan ma tana da nata halin. Da muka kwatanta zurawar tsakar rana da ta kafin asuba a wuri ɗaya, layin saman ya ƙara yin ƙasa da rana, ba don halittun sun gudu ba, in haske ya yi musu yawa suna mayar da rarar zuwa zafi sai jan hasken da suke fitarwa ya ragu. Filta ba ta da wannan matsalar, shi ya sa har yanzu ake biyan wahalar tacewa.

Sai gwajin saurin girma. Wannan ni cika kwalabe kawai na yi, domin ana amfani da kabon 14 mai tururin nukiliya kuma akwai kwantena ta musamman da masu izini kaɗai ke shiga. Hanyar tun 1952 Steemann Nielsen ya fito da ita. Ana ɗiga kabon ɗin cikin kwalaben ruwa daga zurfi daban-daban, a jera su cikin akwatuna a saman jirgi da ruwa ke ratsawa don sanyi, kowane akwati an lulluɓe shi da shuɗin leda da raga gwargwadon hasken zurfin da aka ɗebo ruwan, wannan kashi 50, wannan 10, wannan 1, a bar su daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, a tace a ga nawa suka ɗauka. Sakamakon ya nuna saman da muke cewa fanko ne yana aiki sosai, a lita ɗaya ya fi na ƙololuwar kore. Da me? Da takin da ake juyawa nan take, a ci ƙwaya a fitar da amoniya wata ƙwayar ta shanye cikin ɗan lokaci, abu ɗaya yana ta zagayawa bai taɓa taruwa har a auna shi ba. Dugdale da Goering a 1967 suka raba waɗannan biyu, girman da ke tafiya da takin da aka sake juyawa da kuma wanda ke tafiya da sabon naitiret daga ƙasa, kuma na biyun ne ke faɗa maka kimanin abin da zai iya nutsewa ya tafi da kabon zurfi.

Akwai ranar da ruwa ya kwanta luf muka ga wasu ɗigo-ɗigo masu launin ƙasa suna yawo a sama, muka ɗebo da bokiti, Trichodesmium ce, wata irin fitofilankton. Ita ta samu wata hanyar daban, tana ɗaukar naitirojin daga iskar da ta narke a ruwa, ba ta jiran na ƙasa, amma aikin na cin sinadarin ayon, wato ƙarfe, sosai, wanda ƙurar Sahara ke zubawa a wannan ɓangaren na Atilantika. A wasu tekunan kuma, kamar Tekun Kudu da gabashin Fasifik wajen tsibiran Galapagos, naitiret na nan a sama ba a cinye ba saboda ayon ɗin ne babu, abin da John Martin ya dage a kai ke nan har aka gwada zuba shi a teku a 1993. Wato in an ce taki ba naitiret kaɗai ake nufi ba.

Kafin mu bar yankin mun saki na'urar Argo guda, irin mai ɗauke da idon kulorofil da na naitiret, tana nutsewa ta yi shawagi a mita 1000, duk kwana 10 ta sauka 2000 ta hauro tana awo ta aika ta tauraron ɗan'adam. Amfaninta a fili yake, domin taurarin da ke auna launin teku daga sama, tun daga CZCS na 1978 zuwa SeaWiFS na 1997 da na bayansu, kusan kashi ɗaya cikin biyar na zurfin da haske ke kaiwa kawai suke gani, a ruwanmu mita 20 da 'yan kai, tudun mita 90 ba ya cikin hotonsu ko kaɗan.

Da jirgi ya nufi gabas muka kusanci gaɓar Muritaniya sai komai ya juye. A nan iska na bin gefen gaɓa, juyawar duniya na tura ruwan sama ya yi cikin teku, na ƙasa mai sanyi da taki ya hauro ya maye gurbinsa, irin abin da ke faruwa a gaɓar Peru da Namibiya da Kalifoniya. Ruwan ya koma kore mai duhu, zafin sama ya faɗi ƙasa da digiri 20, faifan Secchi bai kai mita 10 ba ya ɓace min. A allo koren layin tun daga sama ya yi tsalle ya wuce iyakar ma'aunin da muka saba har sai da aka canza sikeli, kafin mita 40 kuma ya mutu. Naitiret ga shi har sama bai ƙare ba, yanzu haske ne ya zama abin nema, kuma su da kansu suke tare shi, na sama sun yi wa na ƙasa inuwa. A madubi ba 'yan mitsi-mitsin nan ba ne, dayatom ne, wasu manyan fitofilankton masu ɓawon silika, wasu a sarƙe kamar carbi wasu da ƙayoyi, irin waɗanda in taki ya samu suke rubanya da sauri su kuma nutse da sauri in ya ƙare, kuma layin oksijin ya nuna hakan domin a ƙarƙashinsu ya faɗi warwas saboda ruɓewar abin da ke zubowa. Malama ta soke tsarin zurfin da muka saba, ta tattara yawancin kwalaben cikin mita 30 na farko, tazarar mita biyar biyar. Ni kuma lita biyun da nake tacewa a tsakiyar teku ta gagara, kafin rabin lita filta ta toshe ruwa ya tsaya cik a mazurari, dole na koma rubu'in lita, kuma ko a hakan sai da na sirka asiton ɗin kafin na'ura ta yarda ta karanta.